Hukuncin ɗinka kaya da takardun yanka da ake kawowa daga waje

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Gwammaja, ina da keken ɗinki a gida, ina ɗinka wa kaina da 'ya'yana. Kwanan nan aka kawo mini takardun yanka na kamfanin Burda na Jamus, waɗanda ake shimfiɗawa a kan yadi a bi layinsu da almakashi, kuma rigar da na fitar da su ta zauna mini fiye da duk wadda na taɓa ɗinkawa. Shin ya halatta in ci gaba, alhali yankan na Turawa ne kuma yana fito da surar jiki?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, sutura tana cikin al'adu, asalin al'adu kuwa halacci ne har sai dalili ya hana. Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce, wane ne ya haramta adon Allah da ya fitar wa bayinsa?" Fitowar takardar daga Jamus ba ta haramta ta, domin Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabba mai ƙuntatattun hannaye wadda ba ɗinkin Madina ba ce. Mu ma atamfar Holan da leshin Siwizalan da muke saya a Kantin Kwari ba a Kano aka yi su ba. Takardar kayan aiki ce kamar tef da alli.

Inda hukunci yake shi ne rigar da kika gama da kuma wurin da za ki sa ta. A ɗakinki gaban mijinki, ki matse ta yadda kika so, kuma kina da lada idan kin yi niyyar faranta masa. Gaban mata da muharramai akwai sauƙi, gwargwadon kunya da abin da mutanen kirki suka saba. Amma idan za ki fita, ko ƙanin miji zai shigo, sharaɗi ne tufar ta rufe, kada ta zama shara-shara, kada kuma ta siffanta jiki. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi ya ba Usama ɗan Zaidu wata tufa ƙirar Masar, shi kuma ya ba matarsa, sai Annabi ya umarce shi da ya ce mata ta sa wata a ƙarƙashinta, don yana tsoron ta siffanta girman ƙasusuwanta. Tufar mai kauri ce, fata ba ta bayyana, amma duk da haka aka yi wannan umarni saboda tana kwanciya a jiki. Haka Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala, cewa mata ba sa sa tufa marar kauri da ke siffanta su idan za su fita. Ƙaramin gyale da ake ratayawa a kafaɗa, wanda ya yawaita a gidajen biki yanzu, ba ya warware wannan matsala.

Abin da nake ba ki shawara, tun da almakashin a hannunki yake, shi ne ki ware kayan gida da na fita tun wurin yanka. A na fita ki zaɓi lambar da ta ɗara awonki, ki saki ƙirji da ƙugu, ki ƙara tsawon hannu da na ƙasa, ki rage faɗin wuya, ki yi wa leshi shafi, ko kuma ki ɗora cikakken hijabi ko abaya mai yalwa a kai. 'Yan matanki da suka balaga hukuncinsu ɗaya da naki.

Saura abu guda da ba ki tambaya ba. Idan kamfanin ya hana a kwafi takardar a sayar, kada ki yi, domin Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa.

Wallahu a'alam.