Zauren Da Kake Son Mayarwa Shago

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuwa yi dariya kafin jikina ya yi sanyi. Kana tambaya ko akwai wani dalili na al'ada da zai hana a toshe zauren gidanmu a mayar da shi shago, tunda yanzu babu mai zama a ciki sai awaki.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce zaure shi ne fuskar gida, kuma baƙonka annabinka ne. Ban gane nufinsa ba sai a 1959, ina ɗan shekara goma sha biyu, ranar da ya riƙe hannuna muka tafi Sudawa, gidan su Malam Aminu Kano na gado. A lokacin jam'iyyarsa ta NEPU shekararta tara da kafuwa, ana shirin zaɓen Disamba wanda zai fitar da waɗanda Turawa za su miƙa wa mulki. Tun daga bakin lungu muka tarar da kekuna jingine da katanga, takalma kuwa tuli guda a ƙofa. A ciki na ga mahauci zaune a tabarma ɗaya da malamin makaranta, ga wani manomi da ya kwana a hanya yana warware takardar harajinsa daga bakin rawani domin a karanta masa. Wani tela ya maƙala mini tauraro, alamar NEPU, a riga, na kwana da ita. A zamanin da lacca ba ta yiwuwa sai da izinin hukuma, a irin wannan zaure talaka yake jin cewa yana da haƙƙi, kuma daga nan kalmar sawaba take bin masu kekuna zuwa ƙauyuka. Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a zaɓen, aka sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya da laƙabin mahaifiyarsa, can aka binne shi a 1983, yau yana hannun Jami'ar Bayero. Ku kuwa kun gina katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, baƙo sai ya kira waya kafin a leƙo, mu ma da laifinmu da muka daina shimfiɗa tabarma bayan la'asar.

Maganar shago, bari sai ka zo da sallah mu zauna da baffanninka. Kafin nan dai a kori awakin, a share wurin.