Tayar zuwa aiki da tayar filin wasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya aiki, ya zahi? Ni ma'aikaci ne, ina zaune Arkilla. Ina da BMW 330i samfurin E46 ta 2003, mai giyar hannu. Da ita nike zuwa aiki, da ita nike kai yara makaranta, wani lokacin in kai tsohuwa Boɗinga. Ranar Asabar kuma ni da abokaina muna haɗuwa wani fili mai kwalta da munka nemi izini, mu jera robobin nan na kan hanya masu kama da mazurari a kife, kowa ya zagaye su shi kaɗai ana duba agogo. Tayoyina 225/45R17 ne 'yan Beljiyam, wata huɗu sunka yi sunka suɗe, kuma in na shiga kwana da ƙarfi sai gaban motar ya ƙi bin sitiyari, ya zarce. Na gani a YouTube masu wanga wasa a Amurka suna yabon Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052, kuma wani abokina a Legas ya ce zai iya samo min. In saye su in riƙa hawa kullum, ko mi ka gani? Daga ɗanka a Arkilla, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Zafi kam sai godiya, Afrilu ce. Na ji daɗi da ka ce kun nemi izinin fili. Da ka ce min a kan titi kuke yi, irin na yaran da ke juya mota a bikin aure har su taka 'ya'yan mutane, da wasiƙarka ba ta shigo wannan shafi ba. Abin da kuke yi Turawa na kiransa otokuros, kuma wasa ne na iya hannu. Zagaye ɗaya ba ya cika wuce minti guda, yawanci a giya ta biyu ake gama shi, kuma wanda tayarsa ta fi hayaƙi shi ne yakan zo na ƙarshe.

Kafin mu je Legas, fita ka tsuguna gaban tayoyin da ke jikin motarka yanzu. Ka nemi wani ɗan zane na dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, ko haruffan M+S. Ina kyautata zaton za ka gani, domin da yawa daga cikin 'yan Beljiyam da ake jibge mana tayoyin lokacin sanyin Turai ne. An haɗa robarsu don ta yi laushi a lokacin da ruwa ke daskarewa, an kuma tsattsaga zanenta da ƙananan yanka don ta kama ƙanƙara. Ka ɗauko wannan ka ɗora ta kan kwaltar Sakkwato a watan da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, sannan ka tura ta cikin kwana. Zanen lanƙwashewa zai yi kamar an taka soso. Wannan shi ne zarcewar da gaban motarka ke yi, shi ne kuma ya cinye maka taya a wata huɗu.

Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Ni na koyi karanta wannan lamba ne da tsada. Shekarun baya na sayi taya biyu a hannun wani mai shago da ba zan faɗi sunansa ba, baƙaƙe wuluk, an shafe su da mai suna ƙyalli, zanensu cike. Kwana tara suka yi. Ina dawowa daga Illela da azahar, na wuce Gwadabawa kaɗan, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, bayan motar ya fara rawa. Allah ya kiyaye babu babbar mota a gefena. Da na sauka na tarar zanen ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rake, wayoyin ƙarfe a waje. A bakin hanyar, ina zufa, na duba lambar da ya kamata in duba a shago. Shekararta 11. Kamfanin Michelin da kansa ya ce taya in ta shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da ba ta suɗe ba, wasu kamfanonin mota kuma 6 suke cewa. A zafinmu, ga motar da ake wasa da ita, ni ba na sayen wadda ta wuce shekara 2 a shago. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi shi a 2008, kusan duk tayar motar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma babu wanda zai gaya maka watanni nawa ta yi a kwantena ko a rana.

To, ga tayoyin da ka gani a YouTube. Masu yabonsu ba ƙarya suke yi ba. A jikin taya akwai wata lamba da Amurka ta wajabta a rubuta, wadda ke nuna saurin cinyewarta idan aka gwada ta da wata tayar ma'auni da aka ba 100, a gwajin hanya na kimanin kilomita 11,500 da ake yi a jihar Texas. Ƙaramar lamba na nufin taya mai danƙo da saurin cinyewa, babba kuma mai daɗewa. RE-71RS da A052 duka 200 ne a jikinsu, haka ma Falken Azenis RT660. Wannan 200 ɗin yana da dalili. Ƙungiyar SCCA, wadda ke shirya irin wasanku a Amurka, ta sa dokar cewa a rukunin motocin hawa na yau da kullum ba a shiga da tayar da ke ƙasa da 200, sai kamfanoni suka riƙa yin taya mafi danƙo da za su iya su buga mata wannan lamba. Kamfanin ne ke ba tayarsa lambar, don haka 200 na wannan da 200 na wancan ba lallai su zo ɗaya ba. Abin da za ka riƙe shi ne tayar gasa ce da aka yi mata rigar titi.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin wannan taya tun tana sabuwa zanenta bai kai zurfin na tayar gida ba, wajen milimita 5 zuwa 6 ne, alhali ta gida takan zo da kusan 8. Gefenta yana da tauri, kowane rami a hanyar Boɗinga sai tsohuwa ta ji shi a ƙugunta. Tana kuka a kan kwalta. Tana tsince tsakuwa da ƙusa saboda danƙonta. Abin da ya fi damuna kuma shi ne duk lokacin da ta yi zafi ta huce, robarta tana ƙara tauri kaɗan. Kai da za ka hau ta Litinin zuwa Juma'a, ka ajiye ta a rana a bakin ofis, danƙon da ka biya kuɗi dominsa a hanyar kai yara makaranta zai ƙare. Sai Agusta ta zo, ruwa ya kwanta a Mabera, ga taya ta ci rabin zanenta, ga mota mai ja da ƙafar baya. Ba na so in ji labarin.

Akwai kuma abin da masu bidiyon ba su sani ba game da garinmu, wato yashi. Su a kan kankare ko kwalta mai tsabta suke wasa. Filinku kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwance a kansa, sauran watanni iska tana kwaso rairayi ta shimfiɗa. Taya komai danƙonta in ta hau rairayi, rairayin take kamawa, shi kuma ya gangara da ita. Na taɓa tsayawa kallon wasu samari a irin wannan fili, na ga wuri ɗaya da kowa ke zamewa, kowa kuma yana zagin tayarsa. Da na taka na je, tafin hannu na sa na kwaso yashi cike. Ku haɗa kuɗi ku sayi tsintsiyar kwakwa guda shida, ku fito da sassafe ku share layin da mota za ta bi, musamman bakin kwana. Sakan ɗin da za ku samu da wannan, tayar Legas ba za ta ba ku shi a fili mai ƙura ba.

Shawarata ita ce ka sauko mataki ɗaya. Ka nemi tayar zafi ta motocin gudu wadda lambarta ke wajen 300, irin su Michelin Pilot Sport 4 ko 4S, ko Goodyear Eagle F1 Asymmetric, ko 'yan uwansu na Continental. Suna riƙe kwana fiye da duk abin da ka taɓa ɗora wa motar nan, suna korar ruwa sosai, kuma za su kai ka ofis ba tare da sun jijjiga maka haƙora ba. Huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, don ka riƙa juya na gaba zuwa baya. Ka tsaya a 225/45R17. Bayan girman za ka ga lamba da harafi, kamar 91W ko 94Y. Lambar nauyi ce, 91 tana ɗaukar kilo 615, 94 kuma 670. Harafin gudu ne, V kilomita 240 a awa, W 270, Y 300. Ba don za ka kai can ba, sai don tayar da aka gina wa wannan gudun ta fi jure zafi. Ka duba ma'aunin zafin da ke kusa da lambar cinyewa ya zama A. In an rubuta XL, ya fi, gininta ya fi ƙarfi. Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan mai faci, domin waɗannan tayoyin suna da ciki da waje, an rubuta a jikinsu, kuma na sha ganin an juya su.

In Allah ya hore nan gaba, kuma hannunka ya kai inda tayar ce ke riƙe ka, sai ka nemi wili huɗu na gwanjo masu ramin noti biyar irin na BMW, ka ɗora musu RE-71RS ɗin, ka ajiye su a ɗaki mai inuwa nesa da janareta, ka ɗaura ranar Asabar ka kwance da yamma. Amma ba bana ba. Taya mai danƙo sosai tana ɓoye wa mai koyo kuskurensa, ta riƙe shi har ya saba da shiga kwana da gudun da bai dace ba.

Saura iska, kuma a nan ne yawancinmu muke kashe taya. Mai faci zai buga maka PSI 45 ko 50, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya, ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ce ta yi. Lambar iska da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Wadda motarka ke so tana jikin wata takarda a ginshiƙin ƙofar direba. Ka sayi gejinka na kanka, ka auna bayan sallar asuba kafin motar ta motsa, domin duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ƙara kusan PSI ɗaya. A filin wasa ka fara da ƙarin 2 ko 3 a kan na takardar. Sai ka ɗauki allin makaranta ka ja layi uku daga kan zanen ya gangaro gefen taya. Ka yi zagaye ɗaya ka dawo ka duba. In allin ya goge har ya sauko gefe, tayar tana kwantawa, ƙara iska. In gogewar ta tsaya can sama ba ta kai kafaɗar taya ba, rage kaɗan. Tsakanin zagaye da zagaye ka ɗora hannu a kanta, in ba za ka iya barin hannun ba, ka yayyafa mata ruwa, kuma ku yi ƙoƙari ku tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin sababbin su hau ma, ka kai motar a duba ƙafarta. E46 ta yi suna wajen cin robobin hannun ƙafar gaba, in sun mutu za ka ga sabuwar taya ta cinye ta ciki cikin 'yan makonni. Ka gaida tsohuwa.

TAMBAYA: Malam, ina so in cire wili 17 in sa 19 a motata don ta yi kyau ta kuma riƙe hanya. Akwai matsala? Daga Runjin Sambo.

AMSA: Kyau kam za ta yi. Amma ka yi lissafi. Gefen 225/45R17 tsayinsa milimita 101 ne, na 225/40R18 kuma 90, na 225/35R19 bai kai 80 ba. Wannan ɗan gefen shi ne abin da ke tsakanin wilinka da bakin rami. Motocin da ake kawo min da taya ta kumbura a gefe ko wili ya lanƙwashe, mafi yawansu masu 19 ne, kuma tayar da ta kumbura ba ta da gyara, zarenta ne ya tsinke. Babban wili yawanci ya fi nauyi ma, sai motar ta rage kuzari wajen tashi. In ka matsu ka tsaya a 18.

TAMBAYA: Kawu, gaskiya ne in an sa wa taya iskar naitirojin ba ta fashewa a zafi? Daga Gawon Nama.

AMSA: Iskar da kake shaƙa yanzu kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Wadda ake sayarwa ta fi bushewa, tana kuma ɗan jinkirin sacewa, shi ke nan. Tsohuwar taya ko wadda iskarta ta yi ƙasa za ta fashe ko da me ka cika ta. Kuɗin ka sayi geji da su, ka riƙa tunawa da safayar da ke but, ita ma tana da lambar DOT a jikinta.