Bayan Dashen Ƙoda: Tambayoyin Iyaye Kan Hanyar Fitsarin Yara

Tambaya: Likita, kwana 10 da yi wa ɗana dashen ƙoda, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa daga wurin ɗinkin, fitsarinsa kuma ya ragu. Jikinsa ne ya ƙi ƙodar?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Abin da kika kwatanta ya fi kama da yoyon fitsari. A lokacin dashe ana ɗinke bututun da ke ɗauko fitsari daga sabuwar ƙodar a jikin mafitsara, kuma bakin bututun nan ne jini ya fi ƙaranci. In jinin bai ishe shi ba sai naman ya mutu, ɗinki ya saki. Ƙaramin yoyo yakan toshe da kansa idan an sa robar fitsari da wata siririyar roba a cikin bututun. Babba kuwa sai an yanke wurin da ya lalace an sake ɗinkewa.

Tambaya: 'Yata ba ta jin ciwon komai, tana wasanta, amma an ce hoto ya nuna ƙodar ta kumbura, bututu ya tsuke. Dole ne a taɓa ta?

Amsa: Dole ne, Malam, kuma wannan ce ta fi damuna. Ƙodar da aka dasa an raba ta da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, don haka fitsari zai iya taruwa yana danne ta yarinya tana dariya. Gwajin jini da hoto ne kaɗai ke tona asirin. Da farko akan soka siririn bututu ta fata zuwa cikin ƙodar, fitsari ya zuba a jaka, ta samu sa'ida. In tsukewar gajeriya ce, ana buɗa ta da ɗan balan-balan. In doguwa ce ko ta dawo, sai tiyata, wani lokaci ma a haɗa ƙodar da bututun yarinyar na asali. Kada ku jira sai ta yi kuka.

Tambaya: Sau 3 ke nan zazzaɓi na kwantar da yarona, an ce fitsari ne ke komawa sama daga mafitsara zuwa ƙodar da aka dasa masa.

Amsa: Kafin maganar wuƙa a fara duba mafitsarar, musamman in an haife shi da toshewar mafitar fitsari. Mafitsarar da ba ta juye fitsari duka za ta ɓata kowane gyara. Bayan haka akan yi allurar da ke hana fitsari komawa sama a bakin bututun, ta na'urar leƙa cikin mafitsara, sai dai a dasasshiyar ƙoda sake ɗinke bututun ya fi ɗorewa.