Amsar Baffa kan ƙafar bakan gizo

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Ka ce a aji ana koya muku lissafin ƙarfin da ke sauka a mahaɗar da aka soke da ƙusa guda, mai juyawa kamar tsakiyar almakashi, sai ka tuna da zauren gidanmu. Kana so ka san dalilin da ya sa magina ba sa ɗaga ƙafar bakan gizo, wato rabin bakan da ke fitowa daga bango ya tallafi rufin ɗaki, a yini ɗaya, ba sa kuma barin ƙafa ɗaya ta wuce 'yar'uwarta, ko camfi ne kawai. Ka kuma tambaya ko lissafin naku zai hau kan zauren.

Ba camfi ba ne. Amma bari in soma da naku, tunda ni ma na ɗan zauna da injiniyoyi lokacin da na bar ginin ƙasa na koma na siminti. Abin da na riƙe daga wurinsu shi ne, irin wannan mahaɗa tana karɓar turi iri biyu, na ƙasa da na gefe, amma ba ta hana juyawa. To ɗauki baka mai faɗin mita 6, tsayinsa daga gindi zuwa ƙoli mita 3, da irin wannan mahaɗa a gindinsa biyu da kuma a ƙoli, nauyin da ke kansa tan 4 a baje daidai. Kowace ƙafa za ta sauke tan 2 ƙasa, wannan ko yaro ya sani. Na gefen ne ke ɓuya. Raba bakan biyu a ƙoli, ka auna juyin rabi ɗaya daga can: tan 2 na gindi sau mita 3, ka cire tan 2 na nauyin rabin sau mita ɗaya da rabi, saura 3. Raba da tsayin, ka ga tan 1 ke tunkuɗa bango waje. Yanzu kwantar da bakan, tsayinsa ya dawo mita ɗaya da rabi. Nauyi bai ƙaru ko da kwano ɗaya ba, amma tunkuɗar ta zama tan 2. Kakanka bai san tan ba. Abin da yake cewa shi ne baka in ya kwanta, bango yake shura. Ka ga maganar ɗaya ce.

Inda za ka yi hattara shi ne gindin. Ƙafar bakan gizo ba a kan ƙusa take zaune ba, binne ta ake yi. Azara, wato tsagin giginya, an fi son na namiji don ya fi tauri kuma gara ba ta cinsa da sauƙi, ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa 6. Shi ya sa aka nemo dabara. Ana kafa azarar farko a cikin bango tun yana tashi, kanta ya leƙo cikin ɗaki a karkace, a danne gindinta da tubali da ƙasa. In ta bushe ta kama, sai a ɗaura wata a kanta da igiya, ta ɗan fi ta kwantawa, a lulluɓe da ƙasa, a sake jira. Haka gaɓa bayan gaɓa, daga wannan bango da wancan, har su gamu a sama. Kafin su gamu, kowace ƙafa ita kaɗai take tsaye, kamar mutum ya miƙa hannu da bokitin ruwa. Ba abin da ke riƙe da ita sai nauyin bangon da ya danne gindinta. Wannan gindi kuwa yana hana juyawa, abin da ƙusarku ba ta yi. Don haka in ka rubuta shi a takarda a matsayin mai juyawa, ka bar rabin labarin a waje, malaminka ma zai gaya maka lissafin nan uku da kuka saba, na turin ƙasa da na gefe da na juyi, ba za su isa ba.

Jiran nan na bushewa, ni da kaina na taɓa raina shi. Ina saurayi, wani mai gida ya matsa mana lamba, damina ta ƙarato, yana so ya tare kafin Sallah. Na ɗora gaɓa ta uku a kan ta biyu tana da sauran danshi, gefen gabas kuma na bar shi a baya da gaɓa ɗaya. Da asuba muka tarar ƙafar ta sunkuyo, bango ya tsage a baya, tsagar da yatsana ke shiga. Kakanka bai ce mini uffan ba. Gatari ya miƙo mini, na rushe aikin kwana 9 da hannuna, jama'ar unguwa na kallo. Har yau in na ga ɗanyen gini sai na danna babban yatsa a jiki.

Ɗaga ƙafafu tare kuwa, dalilinsa a ƙoli yake. In ɗaya ta riga ta zauna ta gama sunkuyonta, ɗayar kuma sabuwa ce, haɗuwarsu ba za ta zo a tsakiya ba, sai ɗaya ta hau ɗaya maimakon su jingina da juna. A ɗaurin guga, inda baka biyu ke gittawa, ƙafa huɗu ne za su gamu wuri guda, sai ka ƙiyasta.

Tunda a Zariya kake, je ka tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Kada ka tsaya kallon zanen. Dubi kaurin ginshiƙan daga ƙasa, ka ga daga inda ƙafafun suke fara fitowa.

In kun sami hutu ka zo da abin awonka. Akwai wata 'yar tsaga a bangon zaurenmu na arewa, daidai bayan ƙafar baka, na sa mata alama da gawayi tun bara ina so mu ga ko ta ƙaru. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka.