Fasto ya gode wa masu kuɗi, ya manta da masu tsintsiya

Tambaya: Baba, ni 'yar zumuntar mata ce a wata ikilisiya da ke Kafanchan. Tun kafin in aurar da 'yata ta fari nake share majami'a kowace Asabar, in goge bencina, kuma duk taron da za a yi ina bakin murhu. A hidimar godiyar girbi da ta wuce, Fasto ya tashi ya jero sunayen waɗanda suka sayi kwanon rufi da siminti, aka yi ta tafi. Mu masu tsintsiya ko sannu ba a ce mana ba. Na koma gida na sha kuka. Da na gaya wa wata 'yar'uwa, sai ta ce girmankai ne ke damuna. Zunubi ne in ji zafin wannan? Ko in ajiye aikin kawai? Wata uwa, Kafanchan.

Amsa: 'Yata, sannu da aiki, Allah ya saka miki. Na fara da wannan ne domin shi ne aka hana ki, alhali haƙƙinki ne.

Ban yarda da 'yar'uwar nan ba. Mai girmankai ba ya shekara da shekaru yana durƙuso ƙarƙashin benci yana kwashe ɓawon gyaɗa da ledar ruwa. Abin da kika ji zafin mantuwa ne, kuma laifin yana wuyanmu shugabanni. Ki buɗe Romawa sura 16. Manzo Bulus ya gai da mutum fiye da ashirin, kowa da sunansa, da yawansu kuwa mata ne. Ya fara da Fibi, mai hidima a ikilisiyar Kankiriya. Ya ambaci wata Maryamu, bai faɗi komai a kanta ba sai cewa ta yi musu aiki tuƙuru. Har mahaifiyar Rufus ya tuna, ya ce ita ma uwa ce a gare shi. Ba a yi lissafin abin da kowa ya bayar ba. Yabon gwani ya zama dole, ko a cikin gidan Allah.

Amma akwai abin da nake so ki zauna ki yi tunani a kai, a Luka 17. Daga aya 7 zuwa 10 Yesu ya ba da misalin bawa da ya dawo daga gona, bai zauna ba sai da ya shirya wa maigidansa abinci. Ya ce mu ma in mun gama duk abin da aka umarce mu, mu ce mu bayi ne marasa amfani, abin da ya wajaba kawai muka yi. Maganar tana da nauyi, na sani. To, ki ci gaba da karatu. Daga aya 11 sai ga kutare goma, duka suka warke, ɗaya tak ya komo ya faɗi a gaban Yesu yana godiya, shi ma Basamariye ne. Yesu ya tambaya ina sauran taran. Kin ga shi kansa Ubangiji ya san yadda rashin godiya yake, bai kuma ɓoye cewa ya lura ba. Duk da haka bai janye warkarwar ba, ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Urushalima inda gicciye ke jiransa.

A nawa ganin, Luka ya jera labaran nan biyu ne domin mu san inda godiya take fuskanta. Sharar da kike yi ba bashi kika ba Allah ba, balle ki jira biya. Ita ce taki komowar, irin ta Basamariyen nan. Allah ya ba ki ƙarfin gwiwa da bayan da ke iya sunkuyawa, ya raya miki 'ya har kika kai ta ɗaki. Manzo Bulus ya tambayi Korantiyawa, me suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba? Mai siminti ma karɓa ya yi.

'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda aikinsu ya soma a Garkiɗa a 1923, har yau suna wanke wa juna ƙafa kamar yadda Yesu ya yi a Yohanna 13. Na taɓa zama a cikinsu. Na ga babban ma'aikaci ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura tawul, ya durƙusa ya riƙe ƙafar wani tsohon manomi, diddige duk faso saboda hunturu, ruwan kwanon ya koma ja. Ba a kira sunan kowa ba a ranar. Na so a ce kowane fasto ya ga haka kafin ya riƙe takardar sanarwa.

Batun ajiye aiki kuwa, kada ki ajiye shi cikin fushi. In jikinki ne ya gaji, ki faɗa a zumunta a raba aikin mako-mako, 'yan matasa ma su shigo, hutu ba zunubi ba ne. Sannan ki sami Fasto shi kaɗai, ko ki bi ta wurin matarsa in hakan ya fi miki sauƙi. Kada ki kai maganar zuwa bakin murhu, nan take za ta zama gulma. Ki gaya masa a natse, ki kuma ambaci sauran matan da kuke shan hayaƙi tare, da mai gadi, da yaron da ke tayar da janareto. Mai yiwuwa mantuwa ce kawai, zai kuwa gyara. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da shi.