Turbo a kan injin 1HZ: doki nawa za a samu da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Land Cruiser mai injin 1HZ, ina ɗaukar kaya da ita tsakanin Tahoua da Abalak. In ta sha lodi sai ta riƙa nishi a hawa. Bakanikena ya ce in aka ɗora mata turbo, aka sa babban bututun hayaƙi da buɗaɗɗiyar matatar iska, za ta ƙaru da doki 70. Kafin in zuba kuɗina, yaya zan gane ko maganarsa ta tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ana iya lissafa abin nan kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Injin 1HZ mai lita 4.2 ne, silinda shida, kuma yana fitowa daga kamfani da ƙarfin doki wajen 130. Ƙarfin inji yana bin yawan man da ya iya ƙonewa, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Saboda haka duk gyaran da aka kawo maka, abu ɗaya za ka tambaya: iska nawa ya ƙara wa silinda?

Turbo na'ura ce da ke matse iska ta tura cikin silinda, ana kuma auna matsin da bar. Mu ɗauki turbo mai turin rabin bar, wato 0.5. Iskar waje bar 1 ce, an haɗa ya zama 1.5. A takarda sai ka ce 130 sau 1.5, doki 195, kuma ina kyautata zaton daga nan bakanikenka ya samo nasa lissafin. Abin da ya tsallake shi ne zafi. Iska in an matse ta tana ɗaukar zafi, in ta yi zafi kuma sai ta buɗe, nauyinta ya ragu. Wadda ta shiga turbo a digiri 40, irin na watan Afrilu a Tahoua, tana fitowa kusan 95. Ainihin ƙarin iskar sai ya sauko wajen kashi 28 cikin 100. To 130 sau 1.28, ka samu 166. Ƙarin doki 36 ke nan, kusan rabin abin da aka yi maka alkawari, shi ma sai an ƙara gazuwal a famfon mai daidai da iskar. Na'urar sanyaya iska bayan turbo tana iya kai ka kusa da 180.

Toyota da kanta ta ƙera ɗan'uwan wannan inji mai turbo, 1HD-T, girmansu ɗaya, ta tsaya wajen doki 165. Kuma duba abin da ta canza kafin ta yarda da hakan: ta sauke matsin silinda daga 22.4 zuwa 18.6, ta sa mai yana fesuwa kai tsaye a kan fistan. Naka kuwa yana fara ƙona mai ne a wani ƙaramin ɗaki cikin kan inji, wurin da zafi ke taruwa. Nan ne damuwata take. In aka murɗa famfo don neman doki 200, hayaƙi zai yi baƙi kamar murhun da aka cika wa itace babu iska, zafi ya hau, kan inji ko fistan ya tsage, wataƙila a tsakiyar daji da kayan mutane a baya. Duk wanda zai ɗora turbo a 1HZ ya sa agogon auna zafin hayaƙi, kada ya bari ya wuce digiri 700 a inda hayaƙin bai kai ga shiga turbo ba.

Babban bututun hayaƙi yana taimaka wa turbo ya tashi da wuri, amma kada ka lissafa masa doki daban ka tara a kan na turbo, aiki ɗaya suke yi. Buɗaɗɗiyar matata kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan a ƙasarmu. Abin da za ta ƙara ba za ka ji shi a ƙafarka ba, amma ƙurar hunturu za ta wuce ta cinye zoben fistan.

Akwai kuma tambayar da ta riga duk waɗannan: motarka tana ba da 130 ɗin yanzu? Tsohon inji mai gajiyayyun bakin fesa mai, toshasshiyar matata da famfon da lokacinsa ya goce yana zubar da ƙarfi mai yawa. A auna matsin kowace silinda, a gwada bakin fesa man, a daidaita bawul da famfo. Sau da yawa nishin yana raguwa tun a nan, da kuɗi kaɗan. In matsin ya yi ƙasa, a ajiye zancen turbo sai an gyara injin.

Don ka ga bambanci da idonka, nemi miƙaƙƙiyar hanya wadda babu jama'a da dabbobi, ka sa giya ta huɗu, wani ya riƙe agogo daga gudun kilomita 60 zuwa 90. Ku yi tafiya da dawowa, ku ɗauki tsakiya. Bayan gyara a maimaita da lodi iri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. In aka auna da kashi cikin 100, raguwar daƙiƙun takan ɗan fi ainihin ƙarin dokin, don haka ka rage wani abu a lissafinka.