Madafin Inna Larai: Jelin zoɓo mai kumfa don walimar sauka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna, ya gida, ya jikoki? Ni ce Maman Sadiƙ, daga wani ƙauye a gefen Gumel. Ƙanwar maigidana da ke karatu a Kano ta zo hutu, ta nuna mini bidiyo a wayarta. Wata Baturiya ce ta haɗa abin zaƙi a kofunan gilashi, ja wur, ana hango 'ya'yan itace a ciki, ga ƙananan kumfa sun tsaya cak kamar an dasa su. Ta ce sunan 'ya'yan itacen rasberi, ruwan kuma giyar inibi ce mai gas. Inna, abin ya kwanta mini. Sadiƙ zai yi saukar Alƙur'ani a watan Afrilu, ina so in fito wa mata da abin da ba su saba gani ba. Yarinyar ta ce ai in an ɗora giya a wuta ƙarfinta fita yake yi, wai haka ne? A ina zan samu rasberi? Sannan mu nan sai wuta ta yi kwana uku ba mu gan ta ba. Ko in haƙura?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya albarka a karatun Sadiƙ, ya ba shi ikon aiki da abin da ya karanta. Kada ki haƙura, za ki yi shi, kuma da kayan da rabinsu suna nan a kasuwarku.

Mu fara kawar da maganar giya. Ki gaya wa ƙanwar taki a hankali cewa ba haka abin yake ba. Ma'aikatar noma ta Amurka ta auna wannan magana: abincin da aka zuba wa giya aka bar shi yana dahuwa minti 15, kimanin kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan, kuma ko an kai awa biyu da rabi sai an samu saura kamar kashi 5. To a wannan haɗin da kika gani ma ba a dafa ta. Ɗan kaɗan ake ɗumamawa, sauran da sanyinta ake tuttulawa don kada gas ya gudu. Irin waɗannan giyoyi, shamfen na Faransa da furoseko na Italiya, barasar cikinsu tana kai kashi 11 zuwa 12. Wanda ya ci kofi ɗaya ya sha giya, cokali kawai ya yi amfani da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Wannan ƙofa a rufe take, balle a ranar da ake girmama littafin Allah.

Rasberi kuwa ɗan ƙasar sanyi ne. Rasha, Sabiya da Folan suna cikin masu noma shi da yawa, kuma ba ya jure tafiya, kwana biyu uku ya fara laushi. Kada ki sa maigida yawon nemansa. Ki tambayi kanki me yake yi a cikin kofin nan. Ja yake bayarwa da ɗan tsami. To wa ya fi mu ja da tsami? Ke da kike gefen Gumel, zoɓon da ake lodawa a manyan motoci daga yankinku da Maigatari har Meziko ake kai shi, can su jiƙa su sha da ƙanƙara kamar yadda muke yi. Abin da Bature zai biya kuɗi mai yawa ya samu, ke a bakin gona ake auna miki shi da kwano. Gas kuma lemon kwalba marar launi zai ba ki, Sprite ko 7Up, ko ruwan inibin nan mai gas da ake kaiwa gidan biki. In shi za ki saya, ki juya kwalbar ki karanta da idonki, ki ga an rubuta babu barasa, ki ga lambar NAFDAC, domin kwalabensu kama suke yi da na giyar.

Abin da ke daskarar da ruwan shi ne inda aikin yake, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Kin taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana lokacin hunturu? Da safe kin buɗe tukunya, romon ya kame, kin taɓa shi da ludayi yana rawa. Wannan shi ne jelatin. Daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi, a busar, a mai da shi gari. Matsalar ita ce mai yawa daga wanda ake yi a Turai daga fatar alade ne. Saboda haka duk wanda za ki aika Kano, ko ita ƙanwar taki, ki ce ta je wajen masu sayar da kayan kek a kasuwar Sabon Gari ta nemi wanda ke cikin kwalinsa ko gwangwaninsa da tambarin halal. In ta ga kalmar pork ko porcine ta ajiye. Wanda aka ƙulla a farar leda ba suna ba rubutu, ni ba na saye, ko da mai shago ya rantse.

Ga yadda nake yin na jelatin, na kofuna biyar ƙanana. Awonmu ledar ruwan sha ce, wadda take rabin lita. Ki wanke zoɓo cikin tafin hannu biyu, ki wanke shi sosai don yashi, ki tafasa da ruwa leda ɗaya da kanumfari uku har ruwan ya yi ja mai duhu. Ki tace da kyallen tatar koko, ba rariya ba, domin duk wani gari da ya wuce za a gan shi a gilashi. Ki ɗebi rabin leda na ruwan, ki sa sukari cokalin cin abinci uku. Kada ki jefa kanwa don kashe tsami. Kanwa tana juya jan zoɓo ya koma wani baƙi-baƙi mai shuɗi, kuma jan nan shi ne adon abin. A wani kofi ki zuba ruwan sanyi cokali huɗu, ki barbaɗa jelatin cokalin shayi uku da rabi, kimanin giram 10 ke nan, ki bar shi minti biyar ya sha ruwa ya kumbura. Sai ki juye shi cikin zoɓon yana da zafi amma ba yana tafasa ba, ki juya har ki ɗaga cokali ba ki ga ƙwaya ko ɗaya ba.

Yanzu sai haƙuri. Ki bar shi ya huce sarai, har ya fara yin kauri kamar farin ɗanyen ƙwai. Lemon kuma ya kasance ya yi sanyi ƙarara, kwalba ɗaya ta gilashi mai santilita 35. Ki karkata kwanon, ki zuba lemon a hankali ta gefe, ki juya sau biyu kawai. In kika zuba cikin ruwa mai ɗumi zai taso fuu, gas ya tafi, ki samu jeli marar kumfa. Ruwa mai sanyi da kauri shi ke riƙe kumfar har ta daskare a inda take. In kumfa fara ta taru a sama, ki kwashe da cokali.

'Ya'yan itacen da za ki sa, in da lokacin sanyi ne da na ce ki nemi sitiroberin Jos, wanda ke zuwa Kano daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. A Afrilu kankana ce a hannunki. Ki cire ƙwallayen, ki yanka ƙanana kamar kan ɗan yatsa, ki bar su a rariya su tsane. Inibi ko 'ya'yan rumman ma suna kyau ƙwarai. Wasunsu za su so su taso sama, don haka ki zuba rabin ruwan da 'ya'yan itacen, ki sa a sanyi ya ɗan kama, sannan ki cika. Awa huɗu a firji, ko ya kwana.

Akwai abin da ya taɓa ɓata mini aiki, ba na so ya same ki. Ranar sunan jikata ta biyu na haɗa kofuna ashirin, na aika gidan maƙwabciyata mai firjin sola suka kwana. Da safe yarinya ta ɗauko tire, na karkata kofi ɗaya, sai ga ruwa tsululu yana bin hannuna. Duka ashirin ɗin haka. Na zauna a bakin murhu raina ya ɓaci, domin kuɗin jelatin ɗin ba kaɗan ba ne, ga baƙi sun fara sallama. Na ɗauka kayan ne marasa kyau. Sai daga baya ɗan ƙanena da ke aikin gwaje-gwaje a asibiti ya tambaye ni me na sa a zoɓon. Na ce abin da kowa ke sawa, na markaɗa abarba na goga ɗanyar citta na zuba bayan na sauke. Ya ce to shi ke nan. Ɗanyar abarba, ɗanyar citta da gwanda suna da wani sinadari mai narkar da nama. Kin san yadda iyayenmu ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi? Jelatin ɗan uwan nama ne, haka suke tsinka shi ya kasa kamewa. In kina son ƙamshinsu, ki jefa su cikin tukunya su tafasa tare da zoɓon minti biyar, wuta tana kashe sinadarin. Ɗanye dai kada ya kusanci kofin.

Sai maganar wutar lantarki, wadda ita ce ta fi damuna da lamarinki. Jelatin yana narkewa kafin zafi ya kai na jikin mutum, wajen digiri 35, shi ya sa yake narkewa a baki. Afrilun Gumel kuwa ya wuce 40 da rana. Ko kin samu firji ya daskare, kafin tire ya zagaya tsakar gida ya kai kan tabarmar ƙarshe ya fara sakin jiki. Don haka shawarata gare ki, ki bar jelatin sai hunturu, ki nemi agar-agar. Gari ne fari da ake yi da ciyawar teku, mutanen Japan sun daɗe suna amfani da shi, wasu shagunan Indiyawa suna ce masa China grass. Babu dabba a cikinsa, kin huta da zancen alade. Yana kamewa da kansa a ɗaki da zarar ya huce zuwa wajen digiri 35 ko 40, kuma ba ya sake narkewa sai an kai shi kusan 85. Zafin Afrilu bai isa ya taɓa shi ba. Shi ma ɗan ƙanen nawa da shi suke aiki a ɗakin gwaji, don wannan dalilin. Ɗanyar abarba ma ba ta yi masa komai.

Hanyarsa ta ɗan bambanta. Shi sai ya tafasa. Ki sa cokalin shayi biyu a shafe cikin ruwa gwangwanin madara ɗaya, ruwa zalla, ki ɗora a wuta kina juyawa ya tafasa minti uku. Kada ki tafasa shi a cikin zoɓon, tsami a kan wuta yana rage masa ƙarfi. Ki sauke, ki zuba zoɓo mai kauri gwangwani ɗaya da ɗuminsa, wanda kin riga kin sa wa sukari. Lemon a nan ba mai sanyi ba, wanda ya zauna a ɗaki. In kika zuba mai ƙanƙara zai kame nan take ya yi gudaji kamar tuwon da bai tuƙu ba. Kofunanki su kasance a jere da kankanarsu a ciki tun kafin ki buɗe kwalbar, domin minti kaɗan gare ki. Ki zuba lemon, ki juya sau biyu, ki rarraba. Cikin rabin awa ya tsaya.

Zan gaya miki gaskiya, ba zai yi rawa kamar na bidiyon ba. Agar yankewa yake yi a cokali, kuma kumfarsa ba ta kai ta jelatin yawa, tunda ya haɗu da lemon da ɗumi. Amma ja ɗin yana nan garau, ana hango kankana a ciki, kuma zai isa gaban kowace baƙuwa a tsaye. Ni a wurina wannan ya fi.

Sanyi dai ana bukatarsa don daɗin ci, kuma kankanar da aka yanka ba ta son zama a zafi. Ki yi shi da asubar ranar, ki rufe kowane kofi, ki jera a kula da ƙanƙarar da aka sayo daga gari. In ƙanƙara ta gagara, ki tuna da tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, ya yaɗa a ƙauyukanmu har aka ba shi kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen buhu a sama, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A busasshiyar iskar bazara tana aiki sosai. Ba za ta daskarar da jelatin ba, amma za ta sanyaya na agar ya yi daɗin ci.

Kafin ranar, ki gwada kofi biyu ke da maigida, domin ƙarfin garin ya danganta da kamfanin da ya yi shi. In ya yi tauri ki rage rabin cokali, in ya yi ruwa ki ƙara. Kuma ki ware wa Sadiƙ da malaminsa nasu tun kafin mata su shigo. Ki rubuto mini yadda aka ƙare, ki gaishe da maigidan.